Windows ta ƙi adana tsayayyen adireshin IP: inda kuskuren yake da yadda ake gyara shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu mai kwamfuta huɗu. Firinta tana jikin babbar kwamfutar, sauran ukun ta netwok suke turo mata aiki. Duk sanda aka ɗauke wuta aka maido, sai adireshin babbar ya canza, sauran su daina ganin firintar. Aka ce in sa mata tsayayyen adireshin IP. Na shiga Settings na Windows 10, na cika 192.168.1.50, sai 255.255.255.0, sai 192.168.1.1 kamar yadda na gani a wani bidiyo, amma da na danna Save sai ta ce "Can't save IP settings. Check one or more settings and try again." Na bi ta Control Panel, can ta karɓa, sai kuma intanet ya ɗauke gaba ɗaya. Rautar tawa Huawei ce mai cin layin waya. Don Allah ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kada ka yarda wani ya ce sai an goge ta an sake zuba Windows. Kurakurai biyu ne suka haɗu maka, kuma duka biyun a lambobin da ka cika suke. Ɗaya shi ya hana ta adanawa a Settings, ɗayan kuma shi ya kashe intanet bayan ta adana a Control Panel.

Mu fara da saƙon da ta rubuto maka. A shafin nan na Windows 10, gurbi na biyu "Subnet prefix length" aka rubuta masa, kuma lamba guda yake so, ba lambobi huɗu masu ɗigo a tsakani ba. Adireshin IPv4 bit 32 ne, an kasa shi gida huɗu, kowane gida bit takwas. Idan ka ga 255 a mas ɗin sabnet, bit takwas ɗin wannan gidan duk a kunne suke. To 255.255.255.0 gida uku ne cikakku, takwas sau uku, ka ga 24 ke nan. Wannan 24 ɗin za ka rubuta a gurbin, shi kaɗai, babu ɗigo babu sanda a gabansa. Da mas ɗin 255.255.0.0 ne, da 16 za ka sa. Na 255.255.254.0 shi ne 23, na 255.255.255.128 shi ne 25, na 255.255.255.240 kuma 28. A gida ko ƙaramin shago kusan kullum 24 ne. Windows 11 ta mayar da gurbin zuwa "Subnet mask", don haka can akasin haka ake yi: ka sa 24 ta ƙi, sai ka rubuta 255.255.255.0 cikakke. Ka karanta sunan gurbin kafin ka cika, domin bidiyon da aka ɗauka a Windows 11 zai ɓatar da mai Windows 10.

Akwai ƙananan abubuwa da ke jawo wannan saƙon ko da ka sa 24 daidai: waƙafi a maimakon ɗigo, tazarar da ta biyo lamba lokacin da ka kwafo ta daga wani wuri, ko kunna maɓallin IPv6 da ke ƙasa ka bar gurabensa babu komai. Maɓallin IPv4 kaɗai za ka kunna. Ka kuma cika gurbin "Preferred DNS", wato adireshin da ke fassara sunan shafi irin google.com zuwa lambar IP, kada ka bar shi fayau. Laifin saƙon shi ne ba ya nuna gurbin da ya ƙi, shi ya sa na fi son tsohuwar hanyar Control Panel, wadda aƙalla takan faɗi abin da bai yi mata ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi, kuma shi ne wanda mutane suka fi faɗawa. Lambobin da ke cikin bidiyon na netwok ɗin mai bidiyon ne. Ka ɗauki gida uku na farko a matsayin sunan unguwa, na ƙarshen kuma lambar gida. Kai ka rubuta wa kwamfutarka cewa a unguwar 192.168.1 take, ƙofar fita (gateway, wato rautar da ake bi a fita intanet) kuma tana gida mai lamba 1 a wannan unguwar. Rautocin Huawei masu cin layi kuwa yawancinsu 192.168.8.1 suke zuwa da shi daga kamfani. Sai kwamfutar ta yi ta cigiyar 192.168.1.1 a netwok, babu mai amsawa, duk abin da za ta tura waje ya tsaya mata a hannu. Control Panel ta karɓa ne domin ita lissafi kawai take dubawa, wato ko lambobin ukun sun dace da juna. Ba ta tambayar rauta ko gaskiya ne.

Kowane kamfani da lambar da ya saba. TP-Link da ZTE sukan zo da 192.168.0.1, MikroTik da 192.168.88.1, rautar Starlink da 192.168.1.1. Hotspot na iPhone 172.20.10.1 ne kuma mas ɗinsa 255.255.255.240, wato adireshi 14 kacal ke cikinsa har da na wayar. Tsofaffin wayoyin Android 192.168.43.1 suke bayarwa, sababbin kuma sukan canza lambar da kansu, shi ya sa tsayar da adireshi a kan hotspot ɗinsu wahalar banza ce. Amma duk wannan na faɗa ne don ka ga yadda suka bambanta. Kada ka yi aiki da zato, domin wanda ya haɗa maka rautar yana iya canza lambar. Netwok ɗin da kansa za ka tambaya.

Ga yadda ake tambayarsa. Da farko ka mayar da komai yadda yake. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta ncpa.cpl, danna Enter. Ka danna adaftar da kake amfani da ita da ɓangaren dama na linzami, "Ethernet" idan kebul ne, "Wi-Fi" idan ba kebul, ka zaɓi "Properties", sannan "Internet Protocol Version 4", sannan "Properties" kuma. Ka zaɓi "Obtain an IP address automatically" da takwararsa na DNS, ka danna OK sau biyu. Idan a Settings ma ka bar shi a "Manual", mayar da shi "Automatic". Intanet zai dawo cikin daƙiƙu kaɗan. Sai ka buɗe cmd, baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta:

ipconfig /all

Nemi sashen adaftar da ke aiki, ka kwafe layuka biyar a takarda: "IPv4 Address", "Subnet Mask", "Default Gateway", "DNS Servers" da "Physical Address", wato lambar jikin adaftar da ake kira MAC. A ce ka ga 192.168.8.103, da 255.255.255.0, da 192.168.8.1 a ƙofar fita da DNS. To ka samu duk abin da kake buƙata. Mas da ƙofar fita da DNS yadda ka gan su haka za ka mayar da su, gida uku na farkon adireshin ma haka. Lambar ƙarshe kaɗai ce taka ka zaɓa. Idan kuwa adireshin da ka gani ya fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu rauta ba ke nan, ta ba kanta lambar wucin gadi. Wannan matsalar kebul ce, ko kalmar sirrin Wi-Fi, ko an kashe DHCP, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, a rautar, kuma sai ka warware ta kafin ka ci gaba.

Zaɓen lambar ƙarshen yana buƙatar natsuwa, domin a nan ake shuka matsalar da ba ta fitowa sai bayan mako guda. Lambobi uku haramun ne kai tsaye a netwok mai 24: 0 sunan netwok ɗin ne gaba ɗaya, 255 na shela ne ga kowa da kowa, sai lambar rautar kanta, wadda a wajenka 1 ce. Ka sa 0 ko 255, Control Panel za ta ce "The combination of IP address and subnet mask is invalid". Saura 253, amma su ma ba duka ne naka ba. Rauta tana da zangon lambobin da take ba na'urori aro, kuma ba ta san ka ɗauki wata lamba da hannunka ba. Idan ka ɗauka daga cikin zangon, wata rana za ta ba wayar wani kwastoma wannan lambar, su biyu su yi karo.

Don haka ka buɗe burauza, rubuta 192.168.8.1, shiga da kalmar sirrin rautar, wadda takan kasance a takardar da ke manne ƙarƙashinta idan ba a canza ba, ka nemi shafin DHCP. Za ka ga inda zangon ya fara da inda ya ƙare. A Huawei da yawa daga 100 ne zuwa 200, a TP-Link da yawa 100 zuwa 199, a MikroTik 10 zuwa 254. Idan naka 100 zuwa 200 ne, 192.168.8.50 ta yi daidai. Idan kuma zangon ya cinye komai daga 2 zuwa 254, ka rage shi da kanka ya fara daga 100, ka bar ƙasan don na'urorin da za ka tsayar wa adireshi.

Kafin ka ɗauki lambar, ka tabbata babu mai ita:

ping 192.168.8.50

arp -a

Idan ping ya samu amsa mai ɗauke da "bytes" da "time", lambar tana da mai ita, nemi wata. Rashin amsa kuwa bai isa hujja ba, domin katangar tsaron Windows takan hana kwamfuta amsa ping alhali tana nan daram. Shi ya sa umarni na biyu ya zama dole: na'ura tana iya yin shiru ga ping, amma ba ta iya ƙin amsa ARP, wato cigiyar wa ke riƙe da wannan adireshin, muddin tana son magana a netwok. Idan 192.168.8.50 ta fito a jerin da arp -a ya nuna tare da lambar jikin wata na'ura, akwai mai ita. Ka yi wannan gwajin lokacin da komai na shagon ke kunne, har da na'urar kyamarorin tsaro idan akwai, don na'urar da ke kashe ba za ta amsa ko ɗaya ba. Af, kada ka rubuta sifili a gaban lamba don ado. Ping a Windows yana karanta 050 a matsayin lissafin takwas-takwas, sai ya tafi neman 192.168.8.40.

Yanzu ka koma ncpa.cpl, ka isa shafin da ka bari ɗazu, ka zaɓi "Use the following IP address", ka cika adireshi 192.168.8.50, mas 255.255.255.0, ƙofar fita 192.168.8.1. A DNS na farko ka sa 192.168.8.1, na biyu ka sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Danna OK, ka kuma danna OK ko Close a tagar da ke bayanta. Mutane da yawa sukan rufe ta biyun da alamar X su yi mamakin yadda komai bai canza ba. Hanya ɗaya za ka bi, ko Control Panel ko Settings. Ka cika wani abu nan, wani abu can, sai ka rasa wanne ke aiki.

A wannan shafin akwai saƙonni uku da za ka iya cin karo da su, kowanne da ma'anarsa.

Idan ta ce "The default gateway is not on the same network segment", ƙofar fitar da ka sa ba ta cikin unguwa ɗaya da adireshin, misali adireshi 192.168.8.50 ƙofa kuma 192.168.1.1. Za ta tambaye ka ko ta adana a hakan. Ka ce a'a, ka gyara.

Idan gargaɗin ya fara da "Multiple default gateways", akwai wata adaftar a kwamfutar da ita ma aka tsayar wa ƙofar fita. Yakan faru ga mai amfani da kebul da Wi-Fi lokaci guda. Adaftar da ke fita intanet ita kaɗai za ta riƙe ƙofar fita, ɗayar a bar mata gurbin babu komai. A babbar kwamfutar shago ma, in da hali ka sa mata kebul ka kashe Wi-Fi ɗinta, don kowace adafta adireshinta daban, kuma wanda ka tsayar wa kebul bai shafi Wi-Fi ba.

Na ukun ya fi rikita mutane. Tana cewa adireshin "is already assigned to another adapter", alhali kai adafta ɗaya kake gani. Abin da ya faru shi ne an taɓa sa wannan adireshin a wata adaftar da yanzu ba ta jikin kwamfutar: ƙaramar adaftar USB da aka zare, katin netwok da aka canza, ko hard disk ɗin da aka ciro daga wata kwamfutar aka sa a wannan. Windows tana riƙe saitin tsohuwar a ɓoye. Danna Windows da R, rubuta devmgmt.msc, a menu na "View" ka zaɓi "Show hidden devices", ka buɗe "Network adapters". Wadda alamarta ta dusashe ita ce tsohuwar, ka danna mata ɓangaren dama ka zaɓi "Uninstall device". Ka taɓa wadda ka gane sunanta kawai. Waɗanda suka fara da "WAN Miniport" na Windows ne, ka ƙyale su.

Bayan ta adana, kada ka wuce burauza kai tsaye. Sake rubuta ipconfig /all ka dubi kalmar da ke ƙarshen layin adireshin. "Preferred" na nufin ta zauna lafiya. "Duplicate" na nufin wata na'urar ta riga ta riƙe lambar, kuma a wannan hali Windows takan janye ta ba kanta 169.254, ka ga saitinka yana nan a rubuce amma babu abin da ke tafiya. Don gano mai laifin, buɗe eventvwr.msc, shiga "Windows Logs" sannan "System", ka nemi lamba 4199 daga Tcpip. A ciki za ka ga lambar jikin na'urar da kuka yi karo, sai ka gwada ta da jerin na'urorin da ke shafin rauta. Sau da yawa firinta ce ko kyamara da wani ya tsayar wa lamba shekarun baya aka manta. Idan ba za ka iya taɓa waccan ba, ka matsa zuwa 51.

Daga nan sai gwaji bi da bi, domin kowane mataki yana nuna wurin da igiyar ta tsinke:

ping 192.168.8.1

ping 8.8.8.8

ping google.com

Idan na farko ya faɗi da "Destination host unreachable", ko dai lambar ƙofar ba daidai ba ce, ko mas ɗin, ko kuma a kan adaftar da ba ta aiki ka sa saitin. Idan na farko ya wuce na biyu ya faɗi, kwamfutar tana ganin rauta amma ba ta fita: duba ko ka cika gurbin ƙofar fita, ka kuma duba ko data ta ƙare a layin, abin da ke faruwa fiye da yadda ake zato. Idan biyun farko sun wuce na uku ya ce "could not find host", DNS ne kaɗai matsalar. Dalili kuwa, lokacin da ka daina karɓar adireshi daga rauta, ka daina karɓar DNS daga gare ta, dole ka rubuta shi da hannu. Gyara gurbin, ka rubuta ipconfig /flushdns, ka sake gwadawa.

Idan tagogin nan biyu duk sun ƙi, ko saitin yana komawa yadda yake da zarar ka rufe, sai a bi ta umarni. Ka buɗe cmd da "Run as administrator", in ba haka ba za ta ce "The requested operation requires elevation". Ga layukan:

netsh interface ipv4 show config

netsh interface ipv4 set address name="Ethernet" static 192.168.8.50 255.255.255.0 192.168.8.1

netsh interface ipv4 set dnsservers name="Ethernet" static 192.168.8.1 primary

netsh interface ipv4 add dnsservers name="Ethernet" 8.8.8.8 index=2

Layin farko sunan adaftar yake nuna maka, kuma yadda ya fito haka za ka rubuta shi, ko "Ethernet 2" ne ko "Wi-Fi". Kuskuren harafi ɗaya a sunan ya isa ya sa ta yi maka ƙorafin da bai da alaƙa da lambobi. Don komawa karɓa daga rauta, umarnin shi ne netsh interface ipv4 set address name="Ethernet" source=dhcp, sai ka yi irinsa ga dnsservers.

Mai son PowerShell zai yi amfani da New-NetIPAddress, kuma shi ma 24 yake so a -PrefixLength, ba mas ba. Yana da taurin kai fiye da netsh: ba ya rubutu a kan tsohon saiti. Idan ya ce "Instance DefaultGateway already exists", sai ka cire tsohuwar ƙofar da Remove-NetRoute -InterfaceAlias "Ethernet" -DestinationPrefix 0.0.0.0/0. Idan ya ce "Instance MSFT_NetIPAddress already exists", Remove-NetIPAddress ne maganinsa. Idan kuma ya ambaci "Inconsistent parameters PolicyStore PersistentStore and Dhcp Enabled", ka tabbata kebul yana jiki kuma adaftar tana haɗe, ka kashe DHCP da Set-NetIPInterface -InterfaceAlias "Ethernet" -Dhcp Disabled, sannan ka maimaita. Ga mai kwamfuta huɗu, netsh ya wadatar.

Sai abin da ya kamata ya zama na ƙarshe, ko da yake shi ake fara gaya wa mutane: wanke saitin netwok gaba ɗaya. Umarnin netsh int ip reset da netsh winsock reset, sannan a kashe kwamfutar a kunna, suna gyara saitin da ya lalace, musamman bayan an cire manhajar VPN ko ta kashe ƙwayar cuta ba bisa ƙa'ida ba. Akwai kuma "Network reset" a Settings, ƙarƙashin "Network & Internet" sannan "Status", wanda ke cire adaftoci duka ya mayar da su, ya sake kunna kwamfutar bayan minti biyar. Yana goge kalmomin sirrin Wi-Fi da ka adana da duk adireshin da ka tsayar, don haka ka rubuta su tukuna. Ba ya gyara lambar da aka cika ba daidai ba, kuma matsalarka ita ce wannan. Wuri ɗaya da sake zuba Windows ke da hujja shi ne kwamfutar hannu da aka sayo daga wani ofishi, wadda ta zo da takunkumin masu ita na da: maɓallin "Properties" a dushe, ko saƙo mai cewa wata ƙungiya ce ke kula da saitin. Idan kuwa kwamfutar ofishin da kake aiki ce, takunkumin da gangan aka sa shi, sai ka je wurin mai kula da netwok ɗinku.

To adireshi ya tsaya, saura firinta. Sauran kwamfutoci ukun har yanzu tsohuwar lambar suke nema. A kowacce ka cire firintar, ka danna Windows da R, ka rubuta \\192.168.8.50, ka danna firintar sau biyu ta sake haɗuwa. Idan tagar ta ƙi buɗewa, koma babbar kwamfutar ka duba nau'in netwok ɗin a Settings. Bayan canza adireshi, wani lokaci Windows takan ɗauke shi a matsayin sabon netwok ta sa shi a "Public", wanda ke rufe raba fayil da firinta. Mayar da shi "Private", ka tabbata "File and printer sharing" a kunne yake. Sauran ukun ba sa buƙatar tsayayyen adireshi ko kaɗan, su ne masu nema, ba a neman su.

Dalilin da ya sa ɗauke wuta ke canza maka lamba kuwa shi ne, ƙananan rautoci da yawa a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke riƙe jerin wanda suka ba aron wace lamba, wuta na ɗaukewa jerin ya tafi. Da ta dawo, wayoyin da ke da batir su ke riga kowa haɗuwa, ɗaya ta samu lambar da babbar kwamfutar ke riƙe da ita jiya. Kafin kwamfutar ta gama tashi ta nemi tsohuwar lambarta, an ce mata an bayar.

Wannan ya kawo ni ga shawarar da na fi ba masu ƙananan shaguna: idan rautarka tana da wurin keɓe adireshi, ka yi amfani da shi maimakon taɓa Windows. A TP-Link "Address Reservation" ake kiransa, a MikroTik ka danna "Make Static" a kan aron, a wasu Huawei yana ƙarƙashin DHCP da sunan ɗaure IP da MAC, ƙananan MiFi na aljihu kuma wasu ba su da shi sam. Za ka sa lambar "Physical Address" da ka kwafa ɗazu da adireshin da kake so, ka bar kwamfutar a "Automatic". Keɓewar cikin saitin rautar take zama, ɗauke wuta ba ya goge ta, kuma rautar da kanta ta san lambar tana da mai ita, babu karo. Ranar da ka canza rauta zuwa mai 192.168.0.1, kwamfutar za ta hau intanet da kanta, sai dai ka sake keɓewar, ka kuma sake haɗa sauran ukun da firinta ta sabon adireshin. Mai tsayayyen adireshi a Windows kuwa ranar nan intanet zai ɗauke masa irin yadda ya ɗauke maka yanzu, lokacin ya manta ya taɓa sa komai. Sharaɗi ɗaya: idan ta Wi-Fi kwamfutar ke haɗuwa, ka tabbata "Random hardware addresses" a kashe yake, don idan lambar jikin tana canzawa rautar ba za ta gane ta ba.

Mai laftof ya fi kowa buƙatar wannan shawarar. Adireshin da aka tsayar wa Wi-Fi ta ncpa.cpl yana bin adaftar duk inda ta je, sai mutum ya bar shago ya je gida ko makaranta, Wi-Fi ya nuna ya haɗu amma babu intanet.

Idan wata rana ka so ganin kyamarorin shagon daga gida, ka sani wannan adireshin ba zai yi maka aikin ba. Lambobin da suka fara da 192.168, da 10, da 172.16 zuwa 172.31 na cikin gida ne, an keɓe su haka tun 1994, ba a ganin su daga intanet. Kamfanonin layin waya kuma galibi suna haɗa kwastomomi da yawa a bayan adireshin waje guda. Duba adireshin WAN, wato wanda kamfanin layi ya ba rautar, a shafin rautar: idan ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, kana cikin irin wannan haɗakar, kuma buɗe ƙofa a rauta ba zai kai ka ko'ina ba. Sai dai ka nemi adireshin waje na kanka daga kamfanin, ko ka yi amfani da manhajar da masu kyamarar suka tanada.

Da ka gama, rubuta lambar da ka ba babbar kwamfutar, da zangon DHCP, da adireshin rautar a ƙaramar takarda, ka manna a gefen rautar. Sannan ka yi gwajin da ya kawo ka nan tun farko: kashe rautar da kwamfutocin duka daga soket, ka kunna su, ka bar wayoyi su haɗu, ka tura shafi ɗaya zuwa firinta daga kowace kwamfuta.